Sunan Ɗan Fari a Bakin Alhaji

Mahfuz bai iya kai mugun labari ba. In yana ɗauke da shi, sai ya yi ta tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, saura kaɗan ya tambayi kaji. Don haka da Sa'adiya ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ta same shi a gindin darbejiya, ya tambayi Umma, ya tambayi Kaka, ya sake komawa kan Umma, ta san akwai magana.

"Ya Mahfuz, faɗi abin da ya kawo ka," in ji ta, tana ninke farar rigar aikinta.

"Yaya Ya'akubu ne yake son ganinki. Yau bayan la'asar, a gida."

Ya'akubu shi ne babban wansa, mutumin da ko sallamarta ba ya amsawa sai da gefen baki.

"Me ka gaya musu?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. "Yaya Humaira kaɗai na gaya wa, ita ma na ce kada ta faɗa wa kowa."

Sa'adiya ta rufe ido. Duk Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri, an san abin da ya shiga kunnen Aisha Humaira da hantsi, kafin azahar ya zaga dangi. Ƙaninta ne kaɗai bai taɓa ganewa ba.

Maganar aurenta da Mahfuz dama a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Mahaifinta, marigayi Malam Umar Faruk, aminin Alhaji Abdulmutallib ne mahaifin Mahfuz. Kakanninsu daga Kano suka zo, su kuma a Maiduguri suka yi ƙuruciya tare. Amma Malam ya auri 'yar kudancin Borno, kuma har yau Kaka Rebeka, mahaifiyar Umma, tana zaune da su a unguwar Galtimari. Kowace Lahadi Sa'adiya ce ke tsare mata napep ta kai ta coci, sannan ta dawo ta ɗauko ta. Wannan ne Ya'akubu ya ce ba zai haɗa zuri'a da shi ba. Yana da tasa 'yar takarar, Rumaisa'u ƙanwar matarsa, wadda tun tuni ake aiko ta gidan da kulolin abinci ba tare da kowa ya yi rashin lafiya ba.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mata. Bara, a gaban 'yan'uwansa, Alhaji ya buga ƙasa da sandarsa ya ce ya ba Mahfuz 'yar amininsa, wanda bai so ba ya bar masa gida. Maganar nan ita ce duk abin da Sa'adiya take da shi a gidan, ba ta da wani abu bayanta.

Ita kuwa karatun digiri na biyu take yi a kan yadda jikin ɗan'adam yake tsufa. Ƙawayenta suna mata dariya, wai yarinya ɗanya sharaf ta rasa abin karanta sai furfura. Ba ta damu ba. Tana son ta san dalilin da ƙwayoyin halitta suke gajiya da sabunta kansu, da yadda ƙarshen zaren gado da ke cikinsu yake cinyewa a hankali kamar bakin zane da kalmasarsa ta warware. Da safe tana kan na'urar hangen ƙananan abubuwa, da yamma tana gidajen tsofaffin Galtimari, tana auna ƙarfin damƙarsu, tana kallon takunsu, tana yi musu tambayoyin gwada tunani. Idonta ya saba, kuma ido in ya saba ba ya neman izini kafin ya gani.

Abin ya faru ne ranar da suka je da Umma duba Alhaji, bayan an ce jiri ya kwashe shi a bakin masallaci. Suna zaune ana gaisawa, Ya'akubu ya gifta ta tsakar gida. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Ya'akubu, zo ka ga 'yar aminina."

Matan gidan suka yi ta murna, har da masu guɗa ƙasa-ƙasa. Sa'adiya kuwa ba ta yi murna ba.

Mahfuz ya sha ba ta labari yana dariya: tun da ya yi wayo bai taɓa jin Baba ya kira sunan ɗansa na fari ba. Alkunya ce irin ta mutanen da. "Mutumin nan" yake cewa, ko "wanku". Ko baƙo ne mai irin sunan ya zo shagonsa na huluna, sai ya laƙaba masa wani. Dattijon da ya riƙe wannan fiye da shekara arba'in ba ya sakinta rana ɗaya don nishaɗi. Ta karanta cewa gaban ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da kunya da kawaici, kuma wani lokaci nan ciwon yake fara taɓawa kafin mantuwa ta fito fili. Tana kallonsa ya tambayi Umma ya hanya, aka amsa, jim kaɗan ya sake tambaya kamar yanzu suka shigo.

Shi ne ta gaya wa Mahfuz, shi kaɗai, ta roƙe shi su kai Baba ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

"Yanzu me yake so da ni?" ta tambaye shi a gindin bishiyar.

"Zai tambaye ki ne ko kin faɗa. Sa'adiya, ki ce kuskure kika yi. Ki ce karatu ne ya yi miki yawa, kowa kika gani sai ki ga ciwo. Ki ba da haƙuri, shi ke nan."

"Kai da bakinka ka ce min an tsinto shi a unguwar Dala ta nan garin yana neman hanyar gida."

"Sau ɗaya ne."

"Ka ce yana shan maganin hawan jini ya manta ya sha, ya sake sha. Shi ne jirin nan, Ya Mahfuz. Wata rana ba a bakin masallaci zai faɗi ba, a tsakiyar titi ne."

Idonsa ya kawo ruwa. Kyakkyawa ne Mahfuz, kuma kuka yana ƙara masa kyau, abin da ya sha cetonsa tun yana yaro. "In an ɗaura aure sai mu kai shi, ni da ke, a ɓoye. Ki yi min wannan, don Allah. Ba zan iya rayuwa da Rumaisa'u ba. Ke nake so, kin sani."

"Na sani."

"To me za ki ce?"

Ita ma ba ta sani ba. Tana son sa so mai zafi, irin wanda take jin kunyar yawansa.

*

Gidan Alhaji tsohon gida ne a cikin Yerwa, lungunsa ba ya ɗaukar mota. Ƙamshin turaren ka'aji ya tare ta tun daga zaure. Ta gyara laffayarta ta yi sallama a ƙofar falo.

"Wushe, wushe, lale da likitar gidanmu," in ji Aisha Humaira da gaisuwar Barebari, murya kamar zuma. "Shigo mana. Ko sai kin auna mu tukuna?"

Sa'adiya ta durƙusa ta gaishe su. Ya'akubu yana kan kujerar da Alhaji ya saba zama. Mahfuz yana rakuɓe a kusurwa. Ba wanda ya nuna mata wurin zama, sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ko ruwa ba a kawo ba, a garin da ake tarar baƙo da ruwan sanyi kafin gaisuwa.

"An ce kin ce ubanmu ya haukace," Ya'akubu ya fara, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ban ce haka ba, Yaya."

"Ni ba yayanki ba ne tukuna. Me kika ce?"

"Na ce na ga alamun da ya kamata likita ya duba. Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hauka ba ne. Wani lokaci ma ƙarancin wani sinadari ne a jini, a ba da magani mutum ya dawo daidai. In kuma ba shi ba ne, akwai yadda ake kula da..."

"Alamun me kika gani?"

"Ya kira sunanka."

Ya'akubu ya daɗe yana kallonta, kuma a karo na farko ta ga wani abu a fuskarsa da ba ƙiyayya ba.

"Kin san shekaruna?" ya ce. "Na aurar da 'ya. Tun da aka haife ni mutumin nan bai taɓa kallon idona ya kira ni ba. Wannan," ya nuna Mahfuz da haɓa, "a kan cinyarsa ya girma, Mahfuz kaza, Mahfuz kaza, har a gaban baƙi. Ni ke buɗe shago, ni ke rufewa, ni ne 'mutumin nan'. Na san al'ada ce, ban taɓa ƙorafi ba. Ranar da ya kira ni, ɗaki na shiga na rufe ƙofa na yi kuka kamar yaro. Na ce ashe Baba ya san da ni." Ya yi murmushin da ba daɗi a cikinsa. "Sai ga 'yar jami'a ta zo ta ce ba so ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta ruɓe."

Hawaye suka zubo mata. Wallahi ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ta karanta abin da ciwon yake yi wa mai shi, ba ta karanta abin da yake yi wa ɗan fari ba.

"Ka yi haƙuri. Ban yi nufin..."

"Ajiye haƙurinki, zai yi miki amfani an jima." Ya gyara zama, fuskar ta koma yadda ta saba. "Magana ɗaya ce, kuma ke za ki yanke ta, don kada a ce an zalunci marainiya. Baba ne ya ba Mahfuz ke. In Baba lafiyarsa ƙalau, maganarsa tana nan, ba mai tayar da ita. Sai ki faɗa da bakinki cewa ƙarya kika yi masa, kuma daga yau ba mai sake ambaton asibiti a gidan nan, ko kafin aure ko bayansa. Mahfuz zai dafa Alƙur'ani a kan haka."

Mahfuz ya ɗago da sauri, ya sake sunkuyawa.

"In kuma kin tsaya a kan cewa hankalinsa ya taɓu, to, mun gode da ilimi. Amma kin san wanda hankalinsa ya taɓu ba ya ba da aure, ba ya karɓa. Wa ya san tun yaushe abin ya fara? Ke da kanki kin gaya wa Mahfuz irin wannan ciwon yana daɗewa a jiki kafin a gane. Ko ba ki faɗa ba?"

Ta juya ta kalli Mahfuz. Har wannan ma ya kai musu.

"Na faɗa," ta ce a hankali.

"To kin gani. Watakila ranar da ya buga sanda ma ba shi ne yake magana ba, ciwon ne. Sai maganar ta dawo hannuna, kuma kin san amsata."

Aisha Humaira ta yi 'yar dariya tana gyara awarwaronta. "Ai sauƙi gare shi, ƙanwata. Kalma ɗaya ce. Mu ma duk da ƙarya muka zauna a gidajenmu, ga mu nan ba mu mutu ba."

Sa'adiya ta ji zuciyarta tana lallashinta. Wa ya ce ma ta yi daidai? Ɗaliba ce, ba ta yi masa gwaji ko ɗaya ba. Tsofaffi nawa ne suke maimaita tambaya? In ta shigo gidan, ai ita za ta riƙa ba shi maganin da hannunta, ta hana shi fita shi kaɗai. Ta hango ɗakinta, ta hango Mahfuz yana shigowa da yamma. Ta buɗe baki, kuma Allah ya sani ƙaryar ce a kan harshenta.

Sai labule ya motsa.

Alhaji Abdulmutallib ya shigo yana dafa bango. Dattijon da duk kasuwa ta san shi da iya karya hula, yau hular a karkace take, rigarsa kuma a bai-bai. Fuskarsa cike da fara'a. A hannunsa akwai fallen ƙwayoyin magani, an ɓalle fiye da rabi.

"Humaira, yau kin manta da ni, ba ki ba ni maganina ba. Na ɗauko da kaina na sha."

"Baba, ai na ba ka da safe. Na kuma ba ka da ka ce ban ba ka ba." Ta faɗa tana hararar gefe, kamar wadda aka kama.

"Af, to, ba laifi. Yawan magani ai yawan lafiya ne."

Ya yi taku biyu, gwiwarsa ta lanƙwashe. Sa'adiya ba ta san lokacin da ta miƙe ta tare shi ba, ta manta da surukuta da komai. Tafin hannunsa sanyi ƙalau da gumi. Ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa, bugun jijiyarsa yana tafiya a hankali kamar mai jin barci. Wannan hannun ne ya riƙa kawo mata alewa tana ƙarama, shi ne kuma ya fara zuba ƙasa a kabarin mahaifinta.

Ta zaunar da shi a kan darduma, ta zare maganin daga hannunsa.

"Madalla," in ji Ya'akubu. "Ga shi ga ki. Kalle shi ki faɗa."

"Sa'adiya," Mahfuz ya kira ta da wata irin murya. Iyakar gudummawar da ya kawo ke nan.

Ta kalle shi, ta daɗe tana kallo, don ta san daga yau kallon ma zai zama haramun.

"Ba shi da lafiya," ta ce. "Ba shi da lafiya, kuma yau ɗin nan ya kamata a kai shi asibiti, ba gobe ba. Ya sha maganin nan ya wuce ƙa'ida. Ku tafi da fallen ku nuna musu."

"Wa ne ne ba lafiya?" Alhaji ya tambaya yana duban fuskokinsu. "Allah sarki. Allah ya ba shi sauƙi."

Ba wanda ya ce amin.

"Kowa ya ji," in ji Ya'akubu. "Humaira kin ji. Mahfuz ka ji, da bakinta ta faɗa, ba wanda ya matsa mata. Maganar bara ta tashi. Gobe zan aika Galtimari a gaya wa mahaifiyarki, don mu mutanen mutunci ne."

"Na ji, na yarda," ta ce, hawaye suna sauka a kan laffayarta. "Amma za ku kai shi? Ka ce min za ku kai shi yanzu."

"Wannan maganar gida ce." Ya miƙo hannu ya karɓe maganin daga hannunta, ya jefa a aljihu. "Ke kuma ba 'yar gida ba ce."

Ta juya wajen Mahfuz. "Motarka tana bakin lungu. Ka ɗauke shi. Ba don ni ba, ni na riga na fita. Ubanka ne."

Mahfuz ya kalli makullin da ke hannunsa, ya kalli wansa. Kuka yake yi sosai, kafaɗunsa suna girgiza, kuma ko a haka kyakkyawa ne. Amma bai tashi ba.

"Sai abin da Yaya ya ce," ya faɗa cikin sheshsheka.

Wannan ya fi duk abin da Ya'akubu ya faɗa yi mata ciwo. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta durƙusa a gaban dattijon. "Baba, zan tafi. Don Allah kada ka sake shan magani yau, ko wa ya ba ka."

Ya ƙura mata ido. Ta shirya wa abin da ta sha gani a gidajen Galtimari, wato ya tambaye ta 'yar wace ce. Da ma hakan ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Sai fuskarsa ta washe.

"'Yar aminina. Sa'adiya 'yar Umar Faruk." Ya riƙo gefen mayafinta da hannunsa mai sanyi, ya juya. "Ya'akubu, wannan ita ce na ba Mahfuz. Na yi wa ubanta alkawari yana kwance a asibiti, na ce ba za ta yi maraici ba ina raye. Ban manta ba. Me kuke jira ne har yanzu ba a sa rana ba?"

Tsaf ya faɗe ta, ba gargada, ba kuskuren suna ko ɗaya. Jiya ma da ya yi wannan magana, da gidan nan kaf ya miƙe tsaye.

Ya'akubu ya sauko daga kujera, ya gyara wa mahaifinsa hular da ta karkace, ya shafa bayansa.

"To, Baba," ya ce da tattausar murya, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce a saya masa jirgin sama. "Za a sa. Kwanta ka huta."

"Yawwa," in ji Alhaji, ya saki mayafin cikin jin daɗi. "Je ki gida ki shirya, 'yata. Ki gaida Ummanki."

Sa'adiya ta miƙe. Ba a taɓa yi wa Alhaji Abdulmutallib magana da wannan muryar ba a gidansa, kuma ta san ita ce ta ba su izinin fara ta. Ta saka takalmanta a bakin ƙofa. Tana cikin zaure tana jiyo shi yana tambayar Humaira ko an ba shi maganinsa na yau.